Ƙarshen Labarin Rumbun Ƙarfe

Da sunan Allah mai rahama. Takarda daga Ada wanzami na Azarori zuwa ga ɗansa Sha'aibu, wanda yake cikin sojan da aka tara a barikin Tawa. Gaisuwa mai yawa, da fatan ta same ka da lafiyar jiki da kwanciyar rai. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na baƙuwar ƙasa, ya haɗa ka da shugaba mai tausayi.

Malam Kadiri limamin unguwarmu ne yake rubutawa ina faɗa, don idona ya ƙara dushewa tun tafiyarka. In ka ga magana ta yi tsawo, laifina ne. Ya ce mini takarda ba gindin gawon da nake aski ba ce, na ce masa bakin wanzami bai san bambanci ba. Labarin gari kuwa ba zan ba ka shi ba, wanda ya kawo takardar zai ba ka da baki.

Abin da ya sa na taso da malam daga alwalarsa shi ne tambayar da ka yi mini a Madawa, ranar da aka ɗora ku bisa kamyo, babbar motar soja. Ka leƙo ta tsakanin kafaɗun mutane ka ce, "Baba, shin Illo ya komo gida?" Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ba ka amsar da na saba ba kowa, na ce, "Sai kasuwa mai zuwa." Ka yi murmushi, kamyo ya tashi. Tun ranar nan abinci bai yi mini daɗi ba. Yanzu ga wani ɗan garin Buza da likitan bariki ya sallamo saboda tari ya ce da an gama girbi za a wuce da ku bakin teku, kuma babu wanda ya san ranar komowa. Ba ni so ka ƙetare ruwa da tambaya a bakinka. Ƙarshen labarin yana cikin takardar nan.

Amma ka yi haƙuri da ni kafin mu kai can. Ɗan Buzan nan ya ce ka buɗe zabirarka a bariki, kana yi wa 'yan'uwanka aski kana ba su labarin Illo, har sarjan ma yana tsayawa daga nesa yana kasa kunne. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don ka gaji askata ka gaji labarina, kada ka gaji tuntuɓena.

Malam ya ɗaga alƙalami yana tambaya wai wane ne Illo. Duk shekarun nan bai taɓa zama ya saurara ba, ya ce ƙarya ce. Gaskiyarsa, ƙarya ce, amma ya sha aiko yaransa su jiyo masa. To bari in faɗa masa, kai ma ka ji mafarin, don kana ƙarami aka fara.

Bayan shekarar da fara ta cinye hatsi, ina cikin aski a kasuwar Madawa sai abiyo ya bi ta bisa kanmu, jirgin saman Nasara ke nan, yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Kasuwa ta watse. Mutumin da nake yi wa aski ya ruga da rabin kai, har yau bai dawo na ƙarasa masa ba. Da mutane suka komo, sai na ce musu su kwantar da hankali, ni na san abin nan, rumbu ne. Wani maƙeri mai suna Illo, fara ta cinye garinsu, shi ne ya ƙera rumbu na ƙarfe, ya ɗaura masa zugazugai a gindi, ya cika shi da gawayin ƙirya, ya hura wuta ya tashi sama. Zai bi garuruwan da ke cikin taurari ya nemo irin hatsin da fara ba ta ci. Ya bar tsohon ubansa zaune a bakin ƙofa, ya ce masa ba zai daɗe ba. Wasa na yi don a yi dariya. Da kasuwa ta zagayo sai na tarar da mutane suna jirana, wasu ma kansu tas yake, babu abin askewa.

A farkon nan gaggawa ta kusa kashe mini labarin. Ina jin daɗin idanun da suka zubo mini, sai na riƙa zazzage duk abin da ke kaina a wuni guda. Kafin in gama kai ɗaya Illo ya shiga garin da rana ba ta faɗuwa, ya fita, ya faɗa garin da ruwa yake gudu daga ƙasa zuwa sama, ya wuce. Wata mai fura da take kasa ƙwaryarta kusa da ni ta ce, "Wanzam, kai ba ka barin mutum shi zamna garin ga shi sha ruwa? Baƙo ka zuwa, ba a gaisa ba, ka ce ya tahi." Aka yi mini dariya, na kuwa ji kunya, don ta fi ni gaskiya. Ban bar kowa ya ji tsoron gari ko ya so shi ba, na kuma cinye abincin shekara a wata guda.

Daga nan na kafa wa kaina doka, gari ɗaya kasuwa ɗaya. Illo ya sauka, ya yi sallama, a ba shi ruwa, ya ga abin da mutanen wurin suke ci da abin da suke tsoro, sa'annan matsala ta same shi, ya fita daga cikinta kafin a tashi kasuwa. Ka riƙe wannan. Wanda ya zo yau kaɗai, daga nesa, ba zai sake zuwa ba, shi ma yana da hakki ya tafi gida da abu cikakke. Yadda ba ka sallamar mutum da rabin aski, kada ka sallame shi da rabin gari. A bariki abin ya fi ma ƙarfi, don wanda ya zauna gabanka yau ba ka sani ba ko gobe an tura shi wani wuri.

Akwai wata rana da har yau in na tuna sai gumi ya karyo mini. A Buza ne, ina yi wa wani Bafillace aski, Jaɓɓi sunansa, mutum mai sanyin hali, shanunsa suna kiwo a cikin kwari. Ranar Illo yana garin mutanen tagulla, waɗanda suke noma ba ci ba sha ba gajiya. Sun kama shi sun kwantar, suna so su buɗe ƙirjinsa su ga inda wutarsa take ci, don ba su yarda akwai mai tafiya ba gawayi ba. Daɗin labari ya kwashe ni, na kawo wurin da babbansu ya ɗaga guduma daidai lokacin da askata take bayan kunnen Jaɓɓi. Ya zabura zai ceci Illo. Jini ya wanke masa wuya. Na toshe da toka ina ba shi haƙuri, shi kuwa ya dafe kunne ya ce, "Bari wanga, wanzam. Sun buɗe shi ko ba su buɗe ba?"

Tabon yana nan a kunnensa, kuma bai daina zuwa ba, amma ni na koyi darasi. Wurin tashin hankali sai lokacin da kake jiƙa gashi ko kake wasa aska a fata, hannunka nesa da jikin mutum. Da aska ta hau kai sai ka sauke murya. Ka faɗi abin da Illo ya ci da safe, yadda yake ɗinke zugazugansa, yadda yake leƙowa ta bakin rumbu yana neman wace ce duniya a cikin fitilun nan na sama. Da fari na ɗauka cike gurbi nake yi don kada in yanka mutane. Sai na lura in an tashi, waɗannan wuraren ne ake maimaitawa a hanya. Gudumar mutumin tagulla an manta da ita, amma kowa ya tuna ranar da garin ƙanzon Illo ya ƙare, ya zauna yana lasar ƙasan jaka. In labari duk gudu ne, mai ji yakan gaji ya daina tsoro. Kai ma a inda kake, kada ka bar ranka ya zama duk ƙarar bindiga. In an sami sarari ka zauna ka wanke rigarka, ka yi hira da wanda ya san sunan garinku.

Malam ya ce in taƙaita, tawadarsa tana ƙarewa. Zai jiƙa wata.

Ka san Agali, ko ka tuna shi kaɗan, tsohon nan na Ibohamane mai rawani baƙi, wanda yake haɗa Hausa da Buzanci in ransa ya ɓaci. Da rani nakan kai jakina har can, shi kuma yakan gangaro Buza in ya ji ina nan, wai ƙaho yake so a ƙeya. Na san ba jini ya dame shi ba. Shi ne ya kama ni da laifin da ban san ina yi ba. Na shagala da ƙirƙiro garuruwa, kowane ya fi na baya ban mamaki, har damina ta zo ta wuce wata ta zo, Illo bai ko ambaci irin hatsi ba. Rannan ina tsakiyar garin da ake kiwon gajimare kamar tumaki, Agali ya ɗago kai da ƙaho a ƙeyarsa ya ce, "Wanzam, tsohon nan da anka bari bakin ƙohwa, mi shika ci?" Ya ƙara da cewa, "Yaron ga yawo yat tahi ko biɗan iri? In yawo na, hwaɗa muna mu daina jira."

Ni kaina na manta da tsohon. Su kuwa ba su manta ba, mutanen da fara ta ci gonakinsu ba za su manta da abin da aka tafi nema ba. Tun daga ranar, kowace kasuwa sai na matsar da babbar magana ko da taƙi ɗaya ne. Yau wata tsohuwa ta ce ta taɓa jin labarin irin. Wata kasuwar Illo ya tsinci ɓawonsa a cikin kashin tsuntsu. Wata kuma a nuna masa hanya a ce amma gawayinsa ba zai kai ba. Garuruwa ado ne, Sha'aibu. Abin da ya fitar da mutum daga gida shi ne labarin, in ka sake shi, komai daɗin bakinka, mutane za su ji ana yawo da hankalinsu.

Maƙeran Buza ma sun taɓa juya mini baya. Na kai Illo wurin da gawayi ya ƙare masa tsakanin tauraro da tauraro, ni kuma dabara ta ƙare mini, sai na kawo aljani ya ɗauki rumbun a ka ya kai shi gaba. Babban maƙeri ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "In da aljani, don mi munka sha wahalar zuga?" Suka tafi dukansu. Sai da na dawo wata kasuwa na ce mafarki Illo ya yi don yunwa, da ya farka sai ya fasa gadonsa da tsaninsa da ƙotar gudumarsa ya zuba a wuta. A nan suka yafe mini. Abin da ka ce shi yake ɗaga rumbu, shi zai ɗaga shi har ƙarshe. In ka matse mutuminka a lungu, ka bar shi ya fita da abin da ke hannunsa, ko da zai yi hasara.

To, aski ya zo gaban goshi, nan ne kuwa ya fi zafi.

Na daɗe da sanin labarin ya isa ƙarewa. Duk abin da ya kamata ya faru ya faru, an nuna wa Illo tauraron da irin yake, saura ya je ya komo. Amma na ji tsoro. Na ce in na ƙare shi, wa zai zauna gindin gawona, ga wanzamai matasa masu kaifin ido sun cika kasuwa. Sai na riƙa jan ƙafa. Kullum Illo ya kusa, sai iska ta karkatar da shi, ko zugazugi ya huje, ko a sace masa guduma. Mutane ba wawaye ba ne, sun gane, wasu suka fara raguwa, ni kuma na ƙara ja don in riƙe sauran.

Ganina na ƙarshe da Agali a Ibohamane ne, ya rame sosai, ana riƙe da shi. Da aka watse ya kama hannun rigata ya ce, "Wanzam, ni ba ni ganin wani rani. Hwaɗa min cikin kunne, ba ni gaya ma kowa. Ya iske tsohon da rai?" Na yi dariya na ce masa zai binne mu duka, ya jira kasuwa mai zuwa. Bai yi fushi ba, ya ce to, Allah ya kai mu. Da rani ya zagayo na koma, ɗansa ne ya zo ya zauna a wurinsa, ya ce tsoho ya rasu tun da kaka, kuma har kwanansa ya ƙare yana tambayar masu zuwa daga Buza ko an ji wani abu. Na yi kuka a hanyar dawowa, ba na ɓoye maka. Na yi alkawari ba zan sake hana kowa ƙarshe ba. Sai ga shi na hana ɗan cikina, yana bisa kamyo.

Don haka in ka ga labari ya nuna, ka girbe shi. Kada ka ji tsoron gindin itacenka ya bushe, wanda ya ji daɗin ƙarshe shi yake dawowa neman sabo. Kuma duk wanda ya tambaye ka ƙarshe yana kan tafiya, ka gaya masa a take. Haka in kana da maganar alheri da za ka yi wa wani a barikin nan, ko gafarar da za ka nema, kada ka ajiye ta sai gobe.

Yanzu ga abin da ka tambaya. Ƙarshen da na ɓoye shekara da shekaru, Illo ne yake saukowa da rumbu cike da iri, ana kiɗa ana guɗa, sarki ya naɗa shi sarkin maƙera. Na so in ba ka shi. Da na buɗe baki zan faɗa wa malam sai ya ƙi fitowa, don tun da kamyon nan ya tashi na daina zama a cikin rumbu tare da Illo, na koma bakin ƙofa wurin tsohon. Daga nan labarin ba haka yake ba.

Illo ya kai zangon ƙarshe, yana hangen tauraron irin, ja kamar garwashi. Ya duba gawayinsa, ya ga zai kai shi can, ko ya kai shi gida, amma ba zai yi duka biyun ba. Mutanen zangon suka ce ya ci gaba, sunansa ba zai ɓace ba har abada, ko da bai komo ba. Ya kwana yana juya maganar. Da gari ya waye ya juya bakin rumbu ya nufi duniya.

A wata saura, gonar da aka daina nomawa, bayan garinsu ya faɗo, rumbun ya tsage biyu, ba zai sake tashi ba. Babu kiɗa, babu wanda ya gan shi sai awaki. Kunya ta hana shi shiga gari, ya zauna bakin rijiya har rana ta yi sanyi, sa'annan ya bi bayan danga ya isa gida. Tsohon yana nan bakin ƙofa, idonsa ya tafi, amma ya ji takun ƙafa ya ce, "Illo na?" Illo ya durƙusa ya ce, "Ni na, Baba. Ban samo ba. Ko ƙwara guda ban zaka da ita ba." Tsohon ya ce, "Wa yat tambaye ka?" Ya miƙa hannu ya lalubi fuskarsa, ya lalubi kafaɗunsa da hannuwansa ya ji duk suna nan. Ya shafa kansa ya ce, "Dubi yadda suma tac cinye ka. Zamna in yi maka aski."

Malam ya ajiye alƙalami ya ce ai uban Illo maƙeri ne, ina ya sami aska. Na ce masa ya rubuta haka nan.

Ka ba 'yan'uwanka wannan ƙarshen kafin ku kai bakin ruwa, kada ka rage komai. Za a yi muku maganar suna da lambar ƙirji, za a ce namiji ba ya waiwaye. Ka yi aikin da aka sa ka, kada ka ci amanar wanda yake gefenka, amma kada ka ƙona gawayin komowarka don a yabe ka. Ba mu aike ka neman komai ba. Ko da riga ɗaya ka komo, ko da sanda kake dogarawa, kada kunya ta tsayar da kai bakin rijiya. Idona ba ya ganin gashi yanzu, na daina taɓa kan mutane, amma naka hannuna ya san shi tun ranar sunanka.

Allah ya sa ƙarfe ya kauce maka, ruwa ya ɗauke ka ya sauke ka lafiya, ya ba ka barci a inda babu barci. Allah ya riƙe mini numfashina har in ji takunka. Innarka ta ce amin, malam ma ya ce amin.

Ubanka, Ada wanzami.